Shamuwa ta kai Kwaɗo kan rimi

A ƙauyenmu na gefen Ɗambatta, lokacin ɓarar gyaɗa ne Iya, mahaifiyar babana, ta fi sakin baki da tatsuniya. Da an ci tuwo sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta zube mana gyaɗa a tabarma. In hannu ya tsaya, labari ma ya tsaya. In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata a bakin ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata."

Akwai wadda ba na so, ta Shamuwa da amininta Kwaɗo. Damina ta wuce, kududdufi ya soma ƙafewa, Shamuwa kuma za ta yi tafiya. Ta ce ba za ta bar shi cikin taɓo ba. Kwaɗo ya ce, "Ki bar ni. In na nutsa cikin laka, sai ruwan fari ya tashe ni." Shamuwa ta ga abin ƙazanta ne da wahala. Ta ɗauke shi a baki yana wutsil-wutsil, ta kai shi sheƙarta a kan rimi, inda ake shan iska, ta tara masa fara, ta tafi hankali kwance. Da ta dawo da ruwan fari, busasshiyar fata ta tarar.

Na taɓa cewa, "Iya, ai taimakonsa ta yi."

Ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ni ma ban ce ba ta sonsa ba, Habibu. Ya yi magana, ita ce ba ta ji ba."

Bara Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona, likita ya ce hawan jini ne. Daga asibiti gidana na Rijiyar Zaki a Kano na wuce da shi. A mota ya ce, "Ka mai da ni gida, na san jikina." Na ce a bari ya ƙara jin sauƙi. A bayan idonsa na sayar da tumakinsa, na ba wani aron gonar. Kowa ya sa mini albarka.

Ɗakinsa akwai fanka, magani ba ya yankewa. Amma wuni yake a kan kujera a bakin ƙofa, cikin unguwar da ba wanda ya san sunansa. Mutumin da ake jin muryarsa daga gona uku, yanzu sai na sunkuya nake jin abin da ya ce.

Na daɗe ina ɗauka mugunta kaɗai ke cutar da mutum. Har Iya ta riga mu gidan gaskiya ban gane cewa ƙaunar da ba ta saurare ma tana yi ba.

Makon jiya aka yi ruwa mai ƙarfi. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, a ina kake so ka zauna?"

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwata. Ya ce, "Sai da wani ya shuka gonata za ka tambaye ni?"