Ba Wani Nerio a Gidan Nan

Nerio Villalobos mai gyaran firiji ne, mutumin Maracaibo. Yunwar ƙasarsu ce ta koro shi Lima, ya bar 'yarsa Yusmely a hannun kakarta. A unguwar Comas ya kama ɗaki a saman rufin gidan Doña Felícita, tsohuwa mai faɗan tsiya da kyautar miya. Lokacin takardunsa na zama a ƙasar ba su cika ba, don haka ranar da ya tare ya roƙe ta abu ɗaya.

"Mama, duk wanda ya zo da rigar hukuma yana nemana, ba ki san ni ba."

"Kai ɗin wa? Ko yanzu ma ban san ka ba," in ji ta.

Shekaru suka ja, takardu suka fito, Nerio ya manta da zancen. Ita kuwa ba ta mantuwa.

Sai ga wani dillalin kifi ya ce zai ba shi kwangilar kula da ɗakunan sanyinsa, amma fa da kamfani yake hulɗa, ba da mutum mai jakar sifana ba. Da kuɗin kwangilar nan Yusmely za ta zo. Nerio ya shiga zirga-zirgar kafa kamfani kamar zai haukace. Ya raɗa wa kamfanin suna, lauya ya rubuta ƙa'idoji, aka buga hatimi. Da aka tambayi jari, kayan aikinsa ya jera, har da tsohon injin walda. Ya samu lambar haraji. Abu ɗaya ya rage: ma'aikacin haraji ya zo gidan ya ga cewa adireshin gaskiya ne. Don zumuɗi, tuni ya ce wa yarinyar ta haɗa kaya, ita kuma ta sayar da gadonta, ta bar makaranta.

Ranar Juma'a da la'asar ya dawo daga aiki, Doña Felícita ta tare shi a tsakar gida tana washe baki.

"Ɗana, yau na yi maka aiki! Wani mai kati a wuya ya sake zuwa yana neman ka. Na ce ba wani Nerio a gidan nan, ba a taɓa yi ba. Har tsintsiya na ɗauko masa."

"Ya sake zuwa? Mama, dā ma yana zuwa?"

"Tun makon jiya yake naci. Ban faɗa maka ba don kar hankalinka ya tashi."

Nerio ya zauna a kan matakala. Ya ruga ofishin haraji washegari, a rufe. Ranar Litinin aka ce an saka kamfaninsa cikin waɗanda ba a samu ba, gyara sai an sake bin layi. Dillali ya ce kifi ba ya jiran hukuma, ya ba wani.

Da ya yi mata bayani, tsohuwar ta ci gaba da ɓare masararta. Nerio ya so ya yi ihu, amma wa zai yi wa? Abin da ya roƙa aka yi masa.

Wayarsa ta yi ƙara. Yusmely ce. Ya kasa ɗauka, ya miƙa wa tsohuwar.

"Don Allah, Mama, ki ce mata ba na nan."

Ta dube shi da jajayen idanu, ta tura masa wayar.

"A'a, ɗana. Kana nan."