Tokar da Inna ta zuba wa ordinatar Yaya Iliya

Shekara uku ke nan, a watan yankan gero, da wani mutumin Allakaye ya sauko daga motar Abijan ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ɗan ƙunshi a hannu. Ina laɓe bayan zana ina kallon ƙafafunsa. Takalminsa na hagu an ɗinke shi da waya. Abin da na fi riƙewa ke nan daga ranar da aka gaya mana Yaya Iliya ya rasu, zazzaɓi ya kayar da shi kwana huɗu, an kuma binne shi can inda ba wanda ya san gidanmu.

Sunana Rahila, ina ajin ƙarshe a kolej a Madawa. Magana gaban mutane tana yi mini wuya, shi ya sa na rubuto. Ina so in tuna da yayana, kuma ina da roƙo wajen masu karatu, amma sai na ba da labarin tukuna za a gane shi.

Yaya mai gyaran rediyo ne. Ya koyi aikin waya wajen masu kula da injin kuran, wato wutar lantarki, na asibitin mishan, inda babanmu ya yi gadi har ya rasu. Da wata likita za ta koma ƙasarsu sai ta bar masa tsohuwar ordinatarta, abin da mutanen Najeriya ke kira kwamfuta. Ya kafa rumfa kusa da tashar Madawa, ya jawo kuran daga shagon wani tela. Da safe yana buga wa mutane takardun neman aiki, da la'asar samari su cika benci suna jiran layi su yi wasan tseren mota. Mutum ɗaya ke yi, saura su yi ta ihu a bayansa. Da abin da rumfar nan ta kawo aka saya mini kayan lakwal na karatu, da shi Inna ta daina sussukar hatsin mutane.

Sai Sahabi ya dawo daga Kwatano. Sahabi ɗan Tama ne, abokin Yaya tun suna ajin farko, ɗaya yana zuwa masallaci ɗaya majami'a, kwano ɗaya suke ci. Ya zo da wani ɗan akwati da bai kai faranti biyu ba, wai shi konsol, sabon fitowa. Ana sa masa faifai a haɗa shi da tele, yana da abin riƙewa biyu da suke kira manet. Mutum biyu ke wasa a lokaci guda, ƙwallo ko dambe, mutanen ciki suna juyawa gaba da baya kamar masu rai. Ya buɗe tasa rumfar a tsallaken hanya. Cikin mako guda bencin Yaya ya zama wurin kwanciyar awaki.

Kullum da rana Sahabi sai ya tsallako da shayinsa.

“Injiniya, kawo tsohuwar taka in ba ka manet guda. Wallahi kai ka ci riba.”

“Ɗan Tama, akwatinka kulle shike. Yadda anka ba ka shi, hakanan za shi tsuhwa. Tawa gida ta. In ɗaki ya yi kaɗan sai in ƙara wani.”

“Gida ta, amma ko baƙo guda babu! Ƙara ɗakin mu gani mana.”

Ina zaune a lungu da littafina, ba mai lura da ni, ina jin su. Sahabi ba ƙarya yake ba. Abinsa bai kai kuɗin bijimi ba, sabuwar ordinatar kuwa sai an kai shanu kasuwa. Nasa ba ya son ilimi, ka danna ya kama, ba ya tsayawa tsakiyar wasa ya bar ka da baƙin gilashi kana ba mutane haƙuri. Yaya ya san haka, na ga yadda yake satar kallon telen Sahabi. Abin da ya ƙi yarda da shi ɗaya ne, wai na'urar da ba a buɗe cikinta ta fi wadda ake buɗewa. Ya ce konsol abin da masu ƙera shi suka sa masa kaɗai yake faɗi, ordinatar kuwa tana riƙe abin da kai ka ba ta.

Ni ce shaidar wannan. A lokacin mushen faransanci, malaminmu, yana fitar da ni gaban allo in yi karatu, sai bakina ya kulle, ƴan aji su yi ta dariya. Da Yaya ya ji bai yi mini faɗa ba. Ran Asabar, bayan ya buɗe cikin ordinatar ya share ta da gashin kaza, sai ya zaunar da ni gaban wani ɗan makirho mai ɗaukar murya ya ce in yi wa na'ura karatu tun da ba ta dariya. Shi zai fara karanta layi, in maimaita, ta ɗauka, mu saurara. Kusan kowane ɗauka da maganarsa yake farawa: “Rahila, ɗaga murya, ba ni jin ki.” Akwai inda ya rera waƙar sujada muryarsa ta karye, ya fashe da dariya. Duk suna ciki.

Wata Asabar ya nuna mini wani ƙarfe mai nauyi a cikinta, faɗin tafin hannu. “Kin ga wanga? Shi na rumbu. Dut abin da munka hwaɗi nan shike. An liƙe shi, ko numhwashi bai shiga.” Ya kuma ce in riƙe abu ɗaya, ƙura ita ce ajalin na'ura, ko kaɗan kada a bari ta taru.

Ya tafi bida, neman kuɗi, Abijan ne domin ya sayo wani kati da ake sokawa cikin ordinatar, hotonta ya riƙa juyawa kamar na konsol, har ya fi. Ya ce wata shida. Ƙunshin da mutumin Allakaye ya kawo katin ne, cikin leda mai ƙyalli, ba a ko ɓare ta ba.

Bayan zaman makoki aka kwaso kayan rumfa a amalanke zuwa ƙauyenmu, inda babu kuran. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko da ya mutu. “Yayanki” take cewa. Wata safiya ta ce in ɗauko rariya. Ta tara tokar murhu ta kwana uku, irin wadda take cuɗa waken iri da ita domin kada ƙwari su ci shi kafin damina. Ni na tankaɗe tokar da hannuna. Ta sa ordinatar cikin buhu, ta shimfiɗa ganyen bedi, wato dalbejiya, ta riƙa ɗibar toka da ludayi tana ɗurawa ta ƴan ramukan da ke bayanta, tana girgizawa domin ta shiga ko'ina. “Gara ba ta taɓa kayan yayanki ina da rai,” in ji ta. Sannan muka sa buhun a ƙasan rumbu, aka jera damman gero a kai.

Na san abin da toka za ta yi. Maganar tana bakina. Na dubi fuskar Inna, ranar ce ta farko da na ga hankalinta ya kwanta tun zuwan mutumin nan, sai na ci gaba da tankaɗe. Shekara uku ina kwana ina tashi da wannan.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga Madawa yau. Rumfunan konsol sun cika bakin tasha. Sahabi yana da tele uku, kuma shi ma hankalinsa ba kwance yake ba, don ya ji wani sabo yana tafe wanda zai mai da nasa abin wasan yara. Ordinatar ta shiga ofisoshi, an ce sababbin sun fi kowane konsol ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ba wanda muka sani da zai iya saya domin wasa. Katin da Yaya ya mutu wajen nema, Sahabi ya kai shi Tawa ya nuna wa wani mai gyara. Mutumin ya juya shi ya ce an wuce wurin tuni, kuma ko a lokacin da wuya ya shiga tsohuwar ordinatar irin tamu. Ban gaya wa Inna ba. Ina jin da Yaya yana nan zai sosa ƙeya, sannan ya ce to a sake tushen gidan. Bai iya sallamawa ba.

Bana ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Muka ci na bara har ƙasan rumbu ya bayyana, buhun ya fito. Sahabi ya zo gaida Inna ya ga halin da ake ciki. Ya san ba za ta karɓi kyauta ba, sai ya kawo zancen musaya. Zai ba mu konsol ɗinsa na farko da tele ɗaya, a ajiye a rumfarsa, abin da suka kawo namu ne. Shi kuma ya ɗauki ordinatar, akwai mai sayen irinsu a Konni yana cire abin da ke da amfani. Inna ta kwana biyu ba ta amsa ba. Rana ta uku babu abin ɗorawa a wuta, ta ce a kira shi.

Da ya kwance bakin buhun toka ta zubo masa a ƙafa. Ya tsaya yana kallo.

“Ka gani ko? Ko gara guda,” in ji Inna.

“Kin adana, Inna,” ya ce. “Kin adana ƙwarai.” Ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai.

A rumfarsa ya yi ta hura ta da famfon keke har gemunsa ya yi fari. Ya haɗa ta da kuran. Fankar ciki ta juya sau ɗaya, wani ƙauri ya tashi, shi ke nan. Ya zare waya ya ce jibi mai motar Konni zai ɗauka.

Ban san inda muryata ta fito ba. “Yaya Sahabi, ara mini turnabis.”

Ya miƙo mini. Kusoshi huɗu ne zan kwance da shi, na tuna wurin kowanne. Na ciro rumbun nan, na share shi da bakin zanena.

“Rahila, abin ga da kinka ɗauka shi mai saye ka so. In babu shi, saura ƙarhen banza na.”

“Muryatai na ciki.”

Bayanmu samari biyu suna ta dambe a tele, ɗaya yana rantsuwa manet ɗinsa ce ta lalace. Can Sahabi ya karɓi turnabis ya jefa a aljihu. “Ni ban ga kin ɗauki komi ba,” ya ce. “Injiniya ya ci ni. Konsol ukku gare ni, babu wanda ya san sunana.” Bai fasa ba mu telen ba.

Yanzu ga roƙona. Ƙarfen yana cikin jakar lakwal ɗina, naɗe da kallabi, ina zuwa aji da shi ina dawowa. Sahabi ya ce tun da liƙe yake wataƙila toka ba ta shiga ba, amma irinsa in ya daɗe bai juya ba yakan ƙage, kuma ya riga ya daɗe. A rediyo kuma ana ta cewa in shekarar dubu biyu ta shigo ordinatoci za su rikice, ban san ko gaskiya ne ba, ban san ko ya shafi namu ba, ba ni da wanda zan tambaya. Na je ofis biyu. A na farko na tsaya bakin ƙofa har aka tashi, na kasa shiga. A na biyu na shiga, matar da ke wurin ta ce ba a taɓa kayan gwamnati.

Ran Lahadin da ta wuce, muna dawowa daga sujada, Inna ta tsaya a hanya ta ce, “Rahila, muryar yayanki mai kauri ta, ko irin ta babanku?” Na buɗe baki in amsa, sai na tarar ni ma kalmomin kaɗai suka rage mini. Ba mu da hotonsa, katin shaidarsa ya tafi da shi. Kabarinsa ba za mu taɓa gani ba.

Duk wanda ke da ordinatar tsakanin Madawa, Buza, Keita, ko Tawa, wanda zai yarda a buɗe cikinta a haɗa wannan ƙarfe ko na ɗan lokaci, don Allah ya aiko ta hannun masu wannan jarida. Zan zo da rediyo mai kaset in ɗauka. Zan zo da Inna in an yarda. Ba mu da abin biya, amma zan share muku na'urar da gashin kaza yadda aka koya mini.

A gardamarsu ta bakin tasha, in ana maganar abin da ke ciyar da gida, Sahabi ya yi nasara. Tuwon da na ci jiya daga konsol ɗinsa ya fito, kuma na gode. Ordinatar Yaya ta tafi Konni a bayan mota, katinsa yana cikin ƙwaryar Inna ba shi da amfani ga kowa. Abin da ya rage na mutumin da ya ƙi jinin akwatin da aka kulle yana cikin ɗan akwatin da aka liƙe, ni kuma ba ni da mabuɗi. In Allah ya sa ya juya, na san abin da za mu fara ji. Zai ce in ɗaga murya, ba ya jina.

To Yaya, ga shi na ɗaga, har a jarida. Saura taka.