Sunan Ya Yi Tsawo

Ina da shekara hamsin da takwas na fara riƙe biro. Kafin nan yatsa nake dangwalawa a takarda. 'Yata ta uku ce ta matsa mini, wadda take aikin akawu a wani ofis. Ita ta ja ni ajin manya a nan unguwarmu ta Lamisula, ta zauna a bakin ƙofa tana jirana, sai ka ce ita ta haife ni.

Da na fara haɗa baƙi sai ta bar mini tsohuwar laftof ɗinta a gida. Kullum da hantsi takan rubuto mini wasiƙa daga ofis, layi uku ko huɗu, da Hausa, don Kanurin namu ba wanda ya koya mana rubuta shi. Cikin akwatin imel ɗinta take aikowa. Ni dai in buɗe laftof, in danna abin shiga intanet ɗin nan da take ce wa burauza, in danna ɗan hotonta, sai ga akwatin a buɗe. Ba ya tambayata kalmar sirri, ya riga ya riƙe ta.

"Iya, turaren wutarki ya biyo ni ofis, oga sai atishawa yake."

"Iya, kin sha maganin gwiwa ko kin sake ba kaji?"

Shirme dai irin wannan, shekara uku cur. Daga nan ta kwanta ciwo kwana tara, ta tafi.

Kalmar sirrin da ita ta tafi. Layin wayarta ma, da na kira bayan wasu watanni, wani ƙato ne ya ɗauka ya ce bai san ta ba. Abin da ya rage mini ɗan hoton nan ne. Kowace safiya bayan na karya sai in danna shi in karanta wasiƙa ɗaya. Ɗaya tak, don kada su ƙare da wuri.

Lokacin zafin bara laftof ta fara mutuwa da kanta. Na hau keke na kai ta wurin wani mai gyara a bayan Kasuwar Litinin, dattijo ne mai furfura, mutumin Biu. Ya ce sai an goge ta tas an sake zuba mata komai. Na gaya masa maganar wasiƙun. Ya nemo wata folda ya nuna mini.

"Hajiya, duk abin da burauza ya sani a kan 'yarki yana nan, har kalmar sirrin. A kwafe shi a filashi, in na gama in mayar. Kawo in yi miki, minti biyar."

Na ce a'a. Kayan 'yata ne, ni zan kwashe su da hannuna, a ɗakina. Shekara nawa ina miƙa wa mutane takarda suna karanta mini sirrina? Na ƙoshi.

To ni ba na jefar da kaya haka kawai. Wanda ya taɓa buɗe kabad ɗina ya sani, kwano cikin kwano, kowane da murfinsa. Haka na yi a filashin. Na buɗe folda na sa mata suna: Kayan gidana na Lamisula waɗanda ba a taɓawa sai da izinina. A cikinta na buɗe wata: 'Ya'yana da suka riga ni tafiya Allah ya jiƙansu da rahama. A cikin wannan na buɗe tata, da cikakken sunanta, na ƙara da wadda ta koya mini karatu da rubutu. Mu ba ma ambaton mamaci haka gaɓa-gaɗi, saboda haka na yi ta huɗu: Allah ya gafarta mata ya haskaka kabarinta ya sa aljanna ce makomarta. Na zo rubuta amin, ta ƙi shiga. Na ɗauka maɓallin ne ya maƙale. Na faɗe ta da baki.

Da yatsa ɗaya na yi wannan aiki, tun azahar har la'asar, ba kuskure ko ɗaya. Na zauna ina kallon rubutuna ina jin daɗin kaina. Wannan ne ya fi ci mini rai yanzu.

Na jawo foldar da mai gyara ya nuna mini na saka a can ƙurya. Sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci. Ni Turancina bai wuce na jikin kwalin magani ba. Na danna, ya dawo. Na danna, ya dawo. Sai na tuna ta taɓa nuna mini wani ɗan gurbi da ake yi wa alama in abu ya dame ka da tambaya. Na yi masa, na danna. Wani koren layi ya ruga a guje ya ƙare. Na leƙa, ga folda da sunanta. Ban buɗe ta ba.

Washegari mai gyara ya ce, "Hajiya, kin kwashe?"

"Na kwashe."

"Bari in duba."

"Ka duba me, malam? Jahila ka ɗauke ni?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ya goge.

Bayan kwana biyu na koma. Ya sa filashin, ya yi ta buɗe foldodina ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi yana karantawa. Da ya kai ƙurya sai ya cire tabarau ya ajiye.

"Wani abu ya fito miki da kina kwafa?"

Na gaya masa.

"Cewa ya yi sunan ya yi tsawo. Kwamfuta haɗa sunayen take yi, tun daga ƙofar waje har ɗakin ƙurya, ta ƙirga baƙaƙen duka. In sun wuce ɗari biyu da hamsin da 'yan kai, ba ta karɓa. Ke kin cinye wurin da sunayenki, nasu fayilolin ba su samu inda za su tsaya ba. Abin da kika danna cewa yake a tsallake su. Duka."

"Wa ya ce ta ƙirga?"

"Waɗanda suka ƙera ta, Hajiya. Da harafi ɗaya kika sa wa foldar, da komai ya shiga."

"In kira 'yata da harafi ɗaya?"

Ya riƙe laftof ɗin kwana uku yana tono, bai samo komai ba. Ya ce wasiƙun suna nan a wani wuri, ba su mutu ba, ƙofar ce babu makulli. Wai don ya sanyaya mini rai ya faɗa.

Waɗanda suka ƙera abin nan ban san su ba, ban kuma yafe musu ba. Na'urar da take haɗiye fim ɗin Indiya na awa uku, ita ce layi huɗu na addu'a suka fi ƙarfinta. Amma ba su suka hana dattijon nan dubawa ba. Lokacin da nake dangwala yatsa, da miƙa masa zan yi in zauna a benci in yi shiru, da yanzu ina karanta wasiƙuna. Karatun da ta sha wuya ta koya mini, daidai wanda zai sa in ƙi taimako na samu, bai kai in karanta akwatin nan ba.

Na sayi littafin rubutu na fara zuba waɗanda na haddace. Na tsaya a goma sha ɗaya. Ta turaren wutar ma ban tabbata ba, oga ta ce ko maigida. Sai na ga ina sa mata maganata a baki, na rufe littafin.

Ranar da na karɓo laftof, mai gyara ya ce in kawo filashin ya share, ko hotunan jikoki na zuba a ciki. Na hana. Yana nan cikin ƙaramin kwanon can ƙasa. Wata safiyar nakan sa shi, in buɗe ta farko, in buɗe ta biyu, ina karantawa a hankali har ta huɗu, inda amin ta ƙi shiga. Nan nake tsayawa. Na san abin da ke ciki.