Gugan Farko na Rijiyar Malam

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya ɗora mini aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Ni masinja ne a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a Kibiya. Ga wanda bai san aikin ba, masinja shi ne mai buɗe ofis, ya share, ya buga ƙararrawa, ya kai takarda ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya karɓo amsa. Na yi shekara da shekaru ina ɗaukar takardu ban san abin da ke cikinsu ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar. Lokacin da wannan abu ya faru ina shekara ta biyu a ajin. Ina iya karanta layi, amma a hankali, sai na bi kowace kalma da yatsa.

A zango na biyu na shekarar, malamin tarihi, wani saurayi mai suna Malam Nura, ya bai wa 'yan aji uku aikin bincike a kan manyan mutane baƙar fata da suka yi wa jama'a amfani. Ya raba su rukuni-rukuni. Wasu suka samu wani sarkin Mali da labarin hajjinsa ya cika duniya, wasu suka samu wata mata a Amurka da ta gudu daga bauta ta riƙa komawa tana fito da 'yan uwanta. Waɗannan duk a littafi da waya za su nemo. Rukuni na ƙarshe kuwa ya ce musu su nemo wani namu na gida, wanda babu shi a littafi, babu shi a waya.

Ƙa'idar makaranta ita ce ɗalibi ba ya fita lokacin karatu sai da yardar iyayensa, sai kuma da babba tare da shi. Malam Nura yana da azuzuwa, ba zai samu fita kullum ba. Shi ya sa shugaba ya kira ni.

"Malam Sale, kai ka san dattawan ƙasar nan. Ka raka yaran, ka dawo mini da su lafiya."

Na ce to, ranka ya daɗe. Ina fita na ji daɗi, domin na riga na san wanda zan kai su gare shi. A ƙauyenmu da ke yankin Fammar akwai tsohuwar rijiya da ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun fari. Sunanta Rijiyar Malam. Malam ɗin nan kakana ne. Tun muna yara muke ji cewa shi ya haƙa ta da hannunsa ya ceci gari daga tashi. Na faɗa wa yaran, suka amince, Malam Nura ma ya amince. Amma kafin mu fita ya tsayar da mu a bakin aji ya ce:

"Duk wanda ya ba ku labari, ku yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi: a bakin wa ka ji? Kamar yadda malamai ke bin hadisi daga wane zuwa wane. Kuma ba zan karɓi magana ba sai ta zo ta hanya biyu da ba su haɗu ba. Baba Sale, har da kai."

Yara suka yi dariya, ni ma na yi. A raina na ce ai wannan labari ko hanya goma yake so zai samu.

Ranar farko muka ga mutum uku: limamin unguwarmu, da wani tsohon manomi, da mai unguwa. Duka ukun maganarsu ɗaya, Malam ne ya haƙa. Shugabar rukunin wata yarinya ce mai baki, Rabi, ita ke tambaya, sauran suna rubutu. Kowa ta tambaye shi a bakin wa ya ji, sai ya ce a bakin Alhaji Garba. Alhaji Garba kuwa baffana ne, ƙanen mahaifina, ɗan Malam, kuma shi ne babba a gidanmu yanzu. Muka je wajensa, ya shimfiɗa mana tabarma, ya ba da labarin tiryan-tiryan, ya sa aka dama wa yara fura. Da ya ji za a yi taro a makaranta a karanta sakamakon, ya ce da kansa zai zo.

Washegari na shiga ɗakin malamai ina fara'a. Malam Nura ya duba abin da yara suka rubuta, ya ɗaga kai.

"Baba Sale, mutum nawa kuka ji?"

Na ce huɗu.

"A'a, mutum ɗaya kuka ji sau huɗu."

Raina ya sosu. Na ce, "Malam, wato baffana maƙaryaci ne?"

Ya ce, "Subhanallahi, ban ce ba. Wataƙila duk gaskiya ya faɗa. Amma ruwan duk daga tulu ɗaya aka zubo shi. Ku koma. Wannan karon kada ku tambayi wanda ya haƙa. Ku tambayi abin da ake yi wa rijiyar."

Muka koma. A bakin rijiyar muka tarar da mata suna ɗiba, Rabi ta shiga cikinsu tana tambaya. Wata ta ce ai babu abin da ake yi mata, in ban da yasa da ake yi duk shekara kafin damina, samari su shiga su kwashe taɓo. Wata kuma ta ƙara da cewa in ruwa ya kwanta ya yi garau, gugan farko ba a sha, sai a juye a tulu a kai gidan Inna Kande.

Rabi ta juyo. "Baba Sale, wace ce Inna Kande? 'Yar gidanku ce?"

Na ce a'a, wata tsohuwa ce a ƙarshen gari.

"To me ya sa ba gidanku ake kaiwa ba?"

Ni da kaina, ina yaro, na sha ɗaukar tulun nan a ka ina kaiwa gidan, a ba ni gyaɗa in dawo. Ban taɓa tambayar dalili ba. Mun taso mun ga ana yi ne kawai.

Inna Kande ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma ta gane muryata. Da Rabi ta yi tambayar, tsohuwa ta juyo wajena. Ta ce:

"Sale, kai ka kawo su, ko su suka kawo ka?"

Na ce, "Inna, ni na kawo su, amma yanzu su ke jana."

Ta yi dariya, sannan ta ce ruwan nan hakkin babanta ne. Ta ce a bauta aka haife shi, da ya samu 'yanci bai da gona bai da dangi, sai sana'ar haƙa. Shi ya shiga ƙasa ya haƙa rijiyar. Malam ya ba da filin, ya ciyar da shi daga rumbunsa har aka ga ruwa. Yara suka ce ta faɗi sunansa su rubuta. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ni in kama sunan Baba? Ku je Zurgu, ya haƙa musu wata. Can da sunansa suke kiranta."

Da muka fito, Rabi ta ce da ni a hankali, "Baba Sale, 'yan ajinmu suna can suna neman bayin Amurka a waya, ashe ga namu a ƙarshen gari." Abin da ke raina shi ne baffana.

Zurgu a ƙasar Rano take, don haka sai da aka sake neman izinin shugaba, Malam Nura kuma ya bi mu da kansa a adaidaita. Muka samu rijiyar, suna ce mata Rijiyar Dangana. Wani dattijo da bai san ni ba, bai san gidanmu ba, ya ce Dangana mahaƙi ne da ya zo musu daga wajen Fammar bayan ya gama wata rijiya a can, kuma a bakin mahaifinsa ya ji, wanda ya riƙa jawo wa Dangana ƙasa daga ramin. Ya nuna mana ramukan taka ƙafa da aka sassaƙa a jikin rijiyar, bi-da-bi, hagu da dama. Irinsu ne sak a tamu. Malam Nura ya dube ni ya ce, "Yanzu hanya ta zama biyu."

A hanyar dawowa na ce masa, "Malam, ba za a iya barin sunan kakana shi kaɗai ba? Baffa zai zo taron nan. Mutum ne mai girma a gari, kuma a ƙarƙashinsa nake."

Ya ce, "Baba Sale, ba zan sa yara su rubuta abin da suka san ba haka yake ba. Amma ba zan kunyata dattijo a gaban jama'a ba. In ka ce a janye aikin, sai a janye, su karanta wani abu dabam. Kai za ka zaɓa. Abu ɗaya kawai, in za a karanta, a fara neman yardar Inna, kuma kada baffanka ya fara ji a wurin taro."

Yaran suna bayan adaidaita suna jira. Sun sha rana a kan aikin nan. Na ce a ba ni zuwa Juma'a.

Inna Kande ba ta ba ni wahala ba. Na tambaye ta ko a cire maganar bauta. Ta ce, "A cire don me? Shi ya sa kansa? Ku faɗa yadda take, amma ku faɗi aikin da ƙarfi."

Baffa kuwa, bayan an sauko daga masallaci na same shi a zaure, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Sale, bokon tsufa ne ya kai ka ga tsige sunan kakanka? Jiya-jiya ka koyi rubuta sunanka."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Sunan Malam yana nan, shi ya ba da fili, shi ya ciyar. Tambaya ɗaya nake da ita. Gugan farko, wa ya ce a riƙa kai shi gidan Inna?"

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Malam ne. Ya ce ko bayan ransa kada a fasa." Ya juya mini baya ya ce in tashi in ba shi wuri. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Na koma na ce wa Malam Nura a karanta, ni zan ɗauki abin da ya biyo baya.

Ranar taro aka jera benci a ƙarƙashin darbejiya, iyaye suka zo, kowane rukuni ya manna kwalinsa a allo. Ina jera kujeru na ga baffa ya sauko daga babur da babbar rigarsa. Bai dube ni ba, ya zauna a gaba. Da aka zo kan rukuninmu, Rabi ta ce sun yi shawara, Baba Sale ne zai karanta kan labarin. Ban san da wannan shiri ba. Na fito, na ɗora yatsa a kan kwali, na bi kalma-kalma: "Dangana Mahaƙi, wanda ya haƙa Rijiyar Malam." Shi ne karo na farko da na yi karatu a gaban jama'a. Yara suka ci gaba da sauran, suka faɗi a bakin wanda suka ji, da wanda shi ma ya ji daga gare shi.

Suna gamawa baffa ya miƙe.

"Yara, aikinku da saura," in ji shi. "Kun ce Malam ya ba da fili da hatsi. Ba ku ce shi ke riƙe igiya ba. Dangana ba ya yarda ya shiga rami sai igiyar tana hannun Malam. Ku ƙara wannan."

Sai Rabi ta ɗan rusuna ta ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, a bakin wa ka ji?"

Dariya ta ɓarke, har shugaba yana share hawaye. Baffa ya nuna ta da sanda yana murmushi.

"Ja'irar yarinya. A bakin mai riƙe igiyar na ji. Ki je ki tambayi Kande, in ta ce ba haka ba ne ki goge."

Washegari muka je. Inna ta ce haka babanta ya faɗa musu. Aka ƙara a kwalin, kuma Malam Nura ya ce ni zan rubuta layin da hannuna. Ya karkace, amma yana karantuwa.

Ku da kuka shigo aikin makaranta bayanmu, abin da na ɗauka daga wannan shi ne koyarwa ba cika yaro da labari ba ce kawai. Malam Nura bai san komai a kan rijiyarmu ba, tambaya ɗaya ya ba yara ya sake su, kuma bai yarda tambayar ta zama abin cin mutuncin kowa ba. Na kuma gane mutanenmu ba sa ƙin gaskiya in an kai musu ita gida cikin ladabi kafin a kai ta fili. Yanzu in an ba ni takarda in kai, nakan duba daga inda ta fito, in an ba ni labari ma haka.

Bana da aka yashe rijiya, na hana samari ɗaukar tulun. Ni na ɗora shi a ka da furfurata na kai gidan Inna Kande. Ta shafa tulun, ta sha, ta ce a ba Sale gyaɗarsa.