Na fasa robar, na goge azurfar

Shekara shida ina jin haushin surukina Habibu. Ya ba ni sulen azurfa a liƙe cikin roba mai lamba, wai "Baba, kada ka buɗe." Ni yaro ne?

Jiya na tashi sayarwa. Na fasa robar, na goge sulen da toka har yana walƙiya, na kai shago a unguwar Misfala.

Mai shagon, wani Balarabe, ya dafe kai. "Ya ammi," wato baffa, "wa ya yi wannan ɓarnar? Darajarsa a robar take. Yanzu sai awo, kamar cokali."

Na ce jikoki ne. Allah ya yafe mini.

Juma'a Habibu zai zo. Masu boko, ku amsa mini: yaushe roba ta fi azurfa tsada? Kuma me zan ce masa?