Bappayo da Gizo-gizon da Ya Ɗago Kai

Duk wanda ya yi makaranta ko ya nemi aikin gwamnati a Jimeta, tun daga shekarar samun 'yanci har zamanin Jihar Arewa Maso Gabas, da wuya a ce bai zauna a kujerar Bappayo mai hoto ba. Shagonsa na unguwar Nassarawo ɗaki biyu ne: na gaba mai labule, na baya kuma mai duhu inda yake wanke hotuna. Dogo ne mai yawan mita, kuma mitar tasa ɗaya ce, wai mutanen Yola ba sa ɗago kai.

"Bappa, ba hoton hularka za a liƙa a takarda ba, ɗago ka dube ni!" Haka yake fama da masu zuwa ɗaukar hoto kullum, amma ina, kunyar nan ta gado ce. Da ya gaji sai ya rataye ɗan madubi a saman kyamara, ya riƙa ce wa mutum, "Gyara hularka." Da zarar mutum ya ɗago yana duba kansa, sai ƙyas, an gama. Mutum ɗaya ce dabarar ba ta ci ba, wato matarsa Kaltume, domin ita ta san sirrin. Shekara ashirin da biyar suna tare, amma duk hotunanta saman ɗankwali ne da ɗan hanci.

Wata safiya yana bakin Binuwai yana jiran kwalekwalen da zai tsallaka da shi ɗaukar hoton biki a Girei, sai ya ga wani ɗan gizo-gizo a kan ganyen gamba, irin mai tsallen nan da ke farautar ƙuda ba tare da ya yi saƙa ba. Bai fi ƙwayar wake ba. Bappayo ya sunkuya, sai abin ya juyo gaba ɗaya, ya ɗago kai, ya zuba masa ido. Dariya ta kama shi har masu jiran jirgi suka waiwayo. Ashe akwai mai iya kallon mutum ido cikin ido a ƙasar nan!

Tun daga ranar ya shiga uku da son abin. Ya kwance idon kyamararsa ya juya shi baya, ya ɗaure da zoben gwangwanin madara, don ƙaramin abu ya fito babba. Duk safiyar da babu aiki, yana can rub da ciki a cikin ciyawa, masunta na tsokanarsa wai ko allura ya yar. Sai dai gizo-gizon ba ya tsayawa. Kafin ya daidaita, ya yi tsalle, wani lokaci ma a kan kyamarar zai dira. Shekara biyu yana wanke hoton ganye zalla.

Ana cikin haka sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce sai ta nuna za a yi aiki a Kano, kuma bai yi alkawarin komai ba. Wannan magana ta tsorata Bappayo ƙwarai. Bai damu da shago ba, ya yi aikinsa ya ƙoshi. Abin da ke cin ransa shi ne hasken ya tafi bai kama fuskar nan ba, a ci gaba da cewa tsufa ne ya sa shi birgima a ciyawa. Da sauran ganinsa ya auna nisan da hoto ke fita sarai, ya yanke tsinken tsintsiya daidai tsawon, ya ɗaure a gaban kyamara.

Wata rana ya dawo da ƙaiƙayi a riga, yana mita a tsakar gida. Kaltume na tankaɗe, ba ta ko dube shi ba ta ce, "Malam, kai da ka yaudari rabin Yola da madubi, ƙwaro ne ya gagare ka?"

Bappayo ya yi tsaye kamar an dasa shi. Washegari ta biyo shi bakin kogi da ɗan madubin da take sa kwalli, tana ta waige-waige kada wata ta gan ta. Ita ta gano gizo-gizon, don shi ba ya iya hango shi kuma. Ta riƙe madubin a gefen kyamara. Abin ya juyo, ya ga ɗan'uwansa a ciki, ya ɗaga ƙafafun gaba ya ƙame yana hararar kansa. Bappayo ya matso da tsinken har daidai ganyen, ya riƙe numfashi, ya danna.

Da ya wanke hoton ya fito da shi haske, hazo kawai ya gani. Ya miƙa wa Kaltume. "Gaya mini gaskiya, ya fita?"

Ta daɗe tana dubawa. "Ga manyan ido biyu a gaba, ga ƙanana a gefe. Har gashin baki gare shi irin na kawunka Ɗanburam. Malam, wannan abu ba shi da kunya ko kaɗan. Ni yake kallo."

Bappayo ya zauna yana dariya, hawaye na zuba. Kaltume ta ajiye hoton, ta wuce ta zauna a kujerar masu hoto, ta gyara ɗankwali. Ya miƙa hannu zai daidaita madubin da ke saman kyamara, sai ta ce, "Bar shi. Ɗauka tun kana ganina." Ta ɗago kai ta dube shi.

Bayan wata takwas aka yi aikin, idon dama ya buɗe. Da ya dawo Jimeta bai tsaya karɓar barka da arziki ba, ya wuce shago, inda aka rataye hotunan biyu gefe da gefe. Na gizo-gizon ya fita yadda ta faɗa, amma a gaban ɗayan ya daɗe a tsaye.