Ranar da Tsohuwa Ta Mutu a Moriki

Litinin: Kaura Namoda zuwa Zurmi

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na fito da kekena daga zaure, Litinin ta farko a dogon hutun makaranta, daminar shekarar da aka fara aiki da Shari'a a jiharmu. Ni malamin firamare ne a Kaura. Niyyata in gaida ƙanwata Hassi a Zurmi, in ratsa ta Moriki, in ƙarasa Badarawa wurin mahaifiyarmu, Inna. Motoci na zuwa duk wuraren nan, ni dai na kafe a kan da keke za ni.

Keken na marigayi mahaifinmu ne, baƙi wuluk, ya girme ni da shekara biyu. A gidana sunansa Tsohuwa. Na san keke namiji ne a bakin mutane, amma duk wanda ya ji yadda take mita a kan hawa ba zai yi mini gardama ba. Ina son keken nan, ba na ɓoyewa. In na kama hannunta, wurin da tafin Baba ya goge fenti nake kamawa.

Yayanmu Sani, mai shago a kasuwa, bai san da wannan suna ba, kuma ba ya ƙaunar ganin keken. Da matata Rabi ta kai masa ƙarata, ya zo har gida ya gindaya mini sharaɗi.

"Lawali, tunda kai ba ka jin magana, tahi. Amma in kwana guda ya wuce ba mu ji saƙonka ba, ko wanga ƙarhe ya yashe ka a hanya, maƙera za ni ba, su yi hauya da shi."

Na amsa da gadara. Lokacin babu wayar hannu, direbobin tasha su ne wayarmu. Saboda haka na yago takardu shida daga littafin rubutu, na sa biro biyu a aljihu.

A bayan keke na ɗaure tsarabar Inna: turmin atamfa, sabulu, sukari, da buta sabuwa a can sama. Rabi ta lulluɓe kayan da tsohon zanenta saboda ruwa. Ban lura da siffar da abin ya yi ba sai ƙarfe bakwai da rabi, da na iso wani shinge na 'yan agaji, waɗanda a lokacin suke hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata. Wani dogo mai usur ya ɗaga mini hannu.

"Malam, kai da wa kaka tahe?"

"Ni da Tsohuwa kaɗai," na ce.

Sai ya zaga baya, ya rusuna a gaban ƙunshin, ya sassauta murya: "Inna, sannu da hanya." Inna ba ta amsa ba. Ya ƙara gaisuwa. Da na ɗage zanen ya ga ashe bakin buta yake gaisarwa, abokan aikinsa suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a kan igiyar shingen. Ya kamata in ɗauki darasi tun daga nan, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Na shiga Zurmi ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, kusan kilomita arba'in, faci ɗaya kacal, naira ashirin. Kafin in sha ruwa na wuce tasha na ba wani direba takardar farko: na sauka lafiya, keke lafiya, a gaida Yaya Sani da kyau.

Hassi ta cika ni da tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Da na tambaye ta yaushe rabonta da Badarawa, ta shiga gyara ɗankwali.

"Yaya, ɗawainiyar ɗiya ta. Shekara huɗu ke nan. Ai shi ma Yaya Sani ya yi ukku bai leƙa ba. Ka dai gaishe min da ita."

Haka muke yi dukkanmu. Inna ta aiko a zo, mu aika a gaishe ta.

Talata: Zurmi zuwa Moriki

Na tashi ƙarfe shida da minti goma. An ce mini hanyar daji kilomita ashirin ce da 'yan kai, kuma tana da kyau. Wanda ya faɗa mini haka da rani ya bi ta. Gero ya kai kafaɗa hagu da dama, hanya kuwa yashi ne inda ba laka ba. Ƙarfe takwas hadari ya haɗo daga gabas, kafin in sami inuwar fakewa ya sauke mini duk abin da ya ɗauko.

Na fake a rugar wasu Fulani har sha ɗaya. Dattijon rugar ya sa aka damo mini fura da nono, ya zaga Tsohuwa sau biyu yana leƙa ƙarƙashinta yadda ake duba saniya a kara, sannan ya tambaye ni laifin da na yi aka hana ni shiga mota.

Saura kamar kilomita uku in shiga Moriki, na gangaro wani kwazazzabo ina jin kaina, har da 'yar waƙa. Sai na ji ƙas! Ƙarfen da ya haɗa sirdi da feda ya rabu biyu. Ni na yi gabas, buta ta yi yamma. Ban ji ciwo ba sai a zuci. Na zauna cikin laka na dubi keken Baba a kwance, na tuna maƙera, wallahi sai da idona ya ciko.

Na jawo ta zuwa gari ƙarfe biyu saura. Mai gyaran keke na bakin tasha ya dube ta ya girgiza kai.

"Wagga sai walda, Malam. Mai waldarmu kau ya kwashe injinshi ya koma Shinkahi."

Ga sharaɗin saƙo a wuyana, ga takarduna ruwa ya mayar da su kunu. Dole in aika da baki. Nan ne dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah ya so a yi masa dariya. In na ce keke ya karye, magana za ta kai kunnen Yaya Sani. In na ce Tsohuwa, Rabi kaɗai za ta gane. Ban yi ƙarya ba, ban kuma tona kaina ba.

Motar da ke lodin Kaura ta wani dattijo ce mai farin gemu da carbi, ana ce masa Ɗan'ige. Na ja shi gefe, na kwatanta masa gidana a bayan tashar jirgi.

"Baba, ka ce ma matata Rabi, Tsohuwa ta mutu. Ina Moriki, gobe in ƙarasa Badarawa. Don Allah kada yayana Sani mai shago shi ji."

Ya yi salati, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ta daɗe tana hwama?"

"Ta daɗe, Baba. Shekaru sun ja. Amma ko da sahe lahiya lau take."

"Haka abin yake, ɗana. Allah shi ba ka haƙuri."

Na miƙa masa goro, ya ce haram, ba a irin wannan rana ba. Na tsaya ina kallon motarsa har ta ɓace, ina cewa a raina yau na ga mutumin da ya san darajar keke. Na kwana a zauren wani malami abokin karatuna, bayan shayi da burodi na naira talatin.

Laraba: Moriki zuwa Badarawa

Direbobi biyu suka ƙi ɗaukar gawar keke da laka. Sai ƙarfe tara da rabi na sami mai amalanken shanu da zai kai taki wajen Badarawa. Muka ɗora Tsohuwa a kan buhuna, na hau gefenta. Kilomita goma sha wani abu, shanun nan suka ci awa biyar, don ba su ga ciyawar da za su wuce ba su gaisa da ita ba. Wajen sha ɗaya wasu motoci biyu suka wuce mu a guje, ban ko ɗaga kai ba.

Ƙarfe biyu da minti ashirin muka karyo kwanar gidanmu. Motocin nan biyu na gani a ƙarƙashin darbejiya, ɗaya ta maza, ɗaya mai alamar ta mata, kamar yadda aka raba a shekarar. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar zaure har bakin hanya. Ga kawunnanmu, ga liman, ga maƙwabtana na Kaura, ga Yaya Sani a tsakiya ido jawur.

Ban san lokacin da na diro ba. Abin da ya zo mini shi ne Inna ta tafi ina can ina kokawa da laka, shekara biyu rabona da ita, ga atamfarta a ƙunshe ba ta gani ba. Na durƙusa a gaban tabarmi na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba.

Babu wanda ya ce mini in yi haƙuri. Sai wata murya daga cikin zaure:

"Ku bar shi shi yi. Kowa ya yi nashi, saura shi."

Inna ce, tsaye da sandarta, tana tauna goro.

Abin da ya faru shi ne, Ɗan'ige mutum ne mai ladabi. Ya tafi yana juya maganata a hanya, ya yanke cewa baƙin ciki ne ya ruɗa ni, don ɗan halas ba ya cewa uwarsa ta mutu. Jaki ke mutuwa, da fitila, da agogo. Mutum rasuwa yake yi. Sai ya gyara mini Hausata. Kuma a ganinsa ba a faɗa wa mace irin wannan labari ga babban wa a gari, don haka ya zarce shagon Yaya Sani ya ce Allah ya yi wa tsohuwarmu rasuwa. Da Rabi ta ji "ta mutu" da ta gane. Da ta ji "rasuwa" daga bakin Yaya yana hawaye, ita ta fara kururuwa. Kafin magariba labari ya kai Zurmi. Kafin azahar suka iso Badarawa, suka tarar da mamaciya a tsakar gida tana tsinke zogale. An ce Hassi ta zubar da takalmi ta yi waje.

Da na gama bayani, Yaya Sani ya miƙe a fusace.

"Na ruhe shago! Na ɗauko mota biyu! Na sawo buhun gero na sadaka! Yau ɗin nan maƙera za su ga wanga ƙarhe, sharaɗi munka yi!"

Gaskiyarsa ce. Na sunkuyar da kai ina kallon Tsohuwa a kan buhunan taki.

Inna ta tako har bakin amalanken. Ta shafa hannun keken, daidai inda fenti ya goge.

"Sani, sau nawa na aika maka ka zo?"

Ya koma kan tabarma ya zauna.

"Hassi, ke hwa? Shekara huɗu ina aike, kuna aiko min da gaisuwa cikin mota awa kayan miya. Wagga ta hwaɗi sau guda, ta tara min ku dut a yini ɗaya. Keken ubanku ya hi ku zumunci. Gobe kasuwar Shinkahi, kai da kanka za ka kai ta a gyara."

Liman ya ce tunda an taru kuma ga gero, a yi wa Baba addu'a. Aka yi. Inna kuwa ta wuni tana bin mata ɗaya bayan ɗaya tana faɗin wadda ta yi kukan gaske da wadda ta murza ido kawai. Rabi ce ta zo ta ɗaya, abin da ya sa har yau ba ta da laifi a Badarawa.

Alhamis: Shinkafi

Ƙarfe takwas muka shiga Shinkafi, Tsohuwa a saman mota, ni da Yaya Sani a ciki. Mai walda ya haɗa ta cikin minti arba'in, ya bar mata tabo kamar ƙulli a kara. A tasha muka yi kiciɓis da Ɗan'ige. Ya taso da sauri zai yi wa Yaya ta'aziyya. Na nuna masa keken na ce ga marigayiyar, ta farfaɗo. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce da ya sani da ya karɓi goron nan.

Hassi da yaranta suka ƙara kwana uku, Yaya ya yi biyu, ni na yi mako. Ban taɓa ganin Inna tana cin tuwo da yawa kamar a kwanakin nan ba. Ranar da zan taho ta rako ni har darbejiya, ta jawo kunnena ta yi mini raɗa.

Komawa gida

Na bar Badarawa ƙarfe shida na safiyar Alhamis ta gaba, na biyo titi kai tsaye, na shiga Kaura ƙarfe ɗaya da rabi. Babu faci, babu ruwa, mitar ce dai ta ƙaru. Saƙon da na aika kafin in taso a rubuce yake, kuma na karanta wa direban sau biyu, na roƙe shi kada ya gyara mini ko wasali.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa dattijon ruga, da mai amalanke da shanunsa masu zumunci, da Yaya Sani da ya haɗiye sharaɗinsa. Ɗan'ige kuwa, Allah ya ƙara masa ladabi, amma ya rage masa gyara.

Da na jingine Tsohuwa a zaure, Rabi ta kawo ruwa ta tambaye ni abin da Inna ta raɗa mini, don labari ya riga ni isowa. Na faɗa mata kamar yadda aka faɗa mini:

"Lawali, baɗi ma ka sake kashe ni. Amma ka bari sai an yi girbi, in samu abin ba 'yan gaisuwa."

Rabi ta yi dariya har ta zubar da ruwan. Ni ma na fara, amma ban ƙarasa ba. Na tashi na duba kalanda, in ga yaushe ne hutu na gaba.